Dakon mai: direba na gidan kaso, mai mota na gida

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata masu kasa kaya a bakin kwalta da Alhazan da ke jiran lodi daga Maradi ko Ƙonni, yau za mu taɓo maganar mai. Kuɗin lita kowa ya san shi, a kowace rumfa ana muhawara a kansa. Abin da ba a cika zama a tattauna ba shi ne hanyar da man ke biyowa kafin ya iso Yamai, da wanda ya kamata ya amsa tambaya idan ɓarna ta auku a kan hanyar.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, ƙasar nan ba ta rasa dokokin dakon mai ba. Akwai ta nauyin mota, akwai ta inshora, akwai ta duwan, akwai ta haƙƙin wanda aka cuta. Matsalar ita ce yawancin maganganun a bakin hanya ake kashe su, ko a cikin ofis tsakanin mutum biyu da ƙofa a rufe. Ba su isa gaban alƙali, balle jama'a su ji wa ya yi laifi, nawa ya biya. Shi ya sa kullum ƙarami ne ke shiga hannu, wato direba da karen mota da yaron da ke ɗauke da jarka, mai dukiyar kuwa ko sunansa ba a ji.

Hanyar da man ke biyowa

Koira Kano da Zabarmanci na nufin gari mai daɗi, kuma duk wanda ya ratsa unguwar ya san sunan bai faɗi banza ba. Ga manyan gidaje, ga ofisoshin ƙungiyoyi, ga mota biyu ko uku a gida ɗaya, ga injin wuta a bayan katanga. Lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, injinan nan ne suka riƙe unguwar, kuma kowannensu gazuwal yake sha ko isansi. Ba laifi ba ne mutum ya ji daɗin abin da Allah ya hore masa. Amma yana da kyau a tuna ta ƙofar wa man ya biyo kafin ya zo nan.

Ranar 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe matatar SORAZ a arewacin Damagaram, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, Nijar na da 40. Kafin wannan rana duk man da muke sha daga waje yake shigowa, ta Kwatano da Lome da Najeriya. Ɗanyen mai yana zuwa matatar ta bututu daga Agadem, kuma a 2024 wani bututun mai tsawon kusan kilomita 2,000 ya fara kai shi bakin teku a Benin. To amma tataccen mai, wanda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da shi, ba shi da bututu, ba shi da jirgin ƙasa. A bayan mota yake tafiya, a ƙarƙashin kulawar SONIDEP, kamfanin gwamnati da aka kafa tun 1977 don ajiya da rarraba mai.

Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Tanka za ta ratsa Takeita, Tasawa, Agye, Cadawa, Maradi, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso kafin ta iso ma'ajiyar Sorey a bakin Yamai. A yawancin garuruwan nan kwalta ta bi ta tsakiyar kasuwa ne ko ta gefenta. Mai albasa a Galmi tana zaune taki kaɗan daga tayar motar. Mai tuyar ƙosai da mai tsire suna nan da wutarsu. Wanda zai ƙona man a injinsa yana can bayan katanga, wanda ke zaune da haɗarin kuwa ɗan kasuwar bakin hanya ne. Don haka maganar ta ƴan kasuwa ce kafin ta zama ta kowa.

Daren da Yamai ba ta manta ba

A daren Lahadi 5 ga Mayu 2019, wayewar Litinin, ana bakin azumi, wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Diori Hamani, a kan layin dogon nan na Doso da aka yi bikin buɗewa a 2016 amma bai yi aikin jigila ba. Mai ya malala, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai, wuta ta tashi. Mutum 55 suka rasu a daren, wasu suka cika a asibiti har adadin ya wuce 70. Gwamnati ta sa makokin kwana uku.

Bayan haka kowa ya yi wa'azi a kan kwasar ganima, kuma wa'azin gaskiya ne. Muna maimaita shi a nan: idan tanka ta faɗi, ka ja ɗanka ku yi nisa, ba jarkar da ta kai rai. Sai dai wa'azin ya tsaya a kan matattu, waɗanda ba su da bakin kare kansu. Akwai tambayoyin da suka riga zuwan mai jarka. Motar wa ce? Yaushe aka duba birkinta da murafen tankinta? Lita nawa aka zuba mata, nawa takarda ta ce? Awa nawa direban ya yi a kan sitiyari ba barci? Me ya kai mota mai irin wannan kaya neman wurin tsayawa a cikin unguwa da tsakar dare? Ka zagaya Katako ko Wadata ka tambaya, kowa zai ba ka labarin gawarwaki, amma da wuya ka samu wanda zai faɗa maka sunan mai motar ko abin da aka biya iyalan.

Maƙwabtanmu sun ga irin wannan dare, har ma fiye. Ranar 15 ga Oktoba 2024 wata tanka da ta taso daga Kano ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, mutum sama da 180 suka rasu. Ranar 18 ga Janairu 2025 wata mai ɗauke da lita 60,000 ta kife a mahaɗar Dikko kusa da Suleja, kusan mutum 100 suka tafi. A nan ne hukumar NMDPRA mai kula da harkar ta ɗaga kai daga kallon masu jarka ta dubi motar kanta, ta hana tankokin lita 60,000 yin lodi a ma'ajiya daga 1 ga Maris 2025. Matakin ya zo a makare, amma ya taɓa inda ya kamata, wato mai mota da mai zuba masa kaya.

Dokokin da ke rubuce

Bari mu faɗa wa mai karatu abin da ke cikin takarda, don kada a ce masa babu doka.

Ta farko ita ce dokar nauyi. Ranar 16 ga Disamba 2005 ministocin ƙasashen UEMOA suka amince a Bamako da ƙa'ida mai lamba 14. Ma'aunin da aka fi sani a cikinta shi ne tan 11 da rabi a kan layin taya ɗaya. Wanda ya zarce, tarar jika 20 ce a kan kowane tan idan tafiyar ta cikin gida ce, jika 60 idan daga ƙasa zuwa ƙasa ce. Ƙa'idar ba ta tsaya kan direba ba. Ta wajabta wa duk tasha ko masana'anta ko ma'ajiyar da ke fitar da kaya sama da tan 200,000 a shekara ta ajiye sikeli, ta auna mota kafin ta bari ta fita. Ke nan idan an kama mota da nauyin da ya wuce kima a Doso, akwai wanda ya buɗe mata ƙofa tun daga inda ta taso.

Ta biyu ita ce dokar inshora, wadda muke ce wa asiransi. Kundin CIMA da ya fara aiki a 1995, wanda Nijar ke cikinsa, ya tilasta wa kowace mota inshorar ɓarnar da za ta yi wa wani. Kuma ya faɗa ƙarara cewa ɓarnar ta haɗa da gobara da fashewa, ko daga motar suka taso ko daga kayan da take ɗauke da su. Wato matar da rumfarta ta ƙone don tanka ta kama wuta a gefenta tana da haƙƙi a kan kamfanin inshorar motar, ko da ba ta taɓa taka ofishinsu ba.

Ta uku tsohuwa ce, aya ta 1384 ta kundin dokokin zaman jama'a da muka gada. Ta ce ubangida ne ke ɗaukar ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki, kuma mai abu ne ke ɗaukar ɓarnar da abin da ke hannunsa ya yi. Direba yaron mai mota ne. Kai direba gidan kaso bai wanke mai mota daga biyan diyya ba.

Fitar Nijar daga CEDEAO a Janairu 2025 ba ta shafe ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don ba na CEDEAO ba ne. Akwai kuma wani giɓi da ya kamata a sani. Dokar OHADA ta 2003 a kan dakon kaya a mota, wadda ke kare ɗan kasuwa idan buhunan shinkafarsa suka salwanta tsakanin Lome da Yamai, ta cire kaya masu haɗari daga cikinta. Saboda haka rigimar dakon mai tana komawa ne ga dokokinmu na gida da fassarar alƙalanmu. Idan ba a kai musu ƙara ba, ba za a samu hukuncin da na gaba zai dogara da shi ba, kowace gobara sai a fara daga farko kamar ba a taɓa yi ba.

Sulhun da ke haɗiye shari'a

Ga inda gizo ke saƙar. Dokar duwan, tun ta 1961 har wadda ta gaje ta a 2018, ta ba da damar ƙwace man fasa-ƙwauri da motar da ta ɗauko shi, da cin tara, da ɗauri. Amma ita dokar ce kuma ta ba ƴan duwan ikon yin sulhu da wanda aka kama, ya biya abin da aka daidaita a kai, a rufe magana ba tare da an je kotu ba. Wannan sulhun halas ne a doka, ana ba da takardar shaidar biya, kuma wani kaso na tarar yana komawa ga ma'aikatan da suka yi kamun.

Ba mu ce a soke shi ba. Idan duk wanda aka kama da jarka biyu tsakanin Illela da Ƙonni sai an kai shi gaban alƙali, kotuna za su cika su batse, gidajen kaso da ma a cike suke. Abin dubawa shi ne wa sulhun ke yi wa amfani. Mai tanka guda yana da kuɗin biya, yana da lauya, yana da wanda zai buga wa waya. Kafin la'asar ya biya, motarsa ta koma kan hanya, ba wanda ya ji sunansa, tarar kuma ya zuba ta a cikin lissafin tafiya kamar kuɗin taya. Yaron da ke kan babur da jarka shida ba shi da abin sulhu. Babur ɗin na haya ne, man na wani ne. Shi ne za a ƙwace wa komai, shi ne za a nuna a talabijin a tsugune gaban jarkoki. Doka ɗaya ce, amma ga mai hali ta zama kuɗin fito, ga talaka ta zama kaso.

Sannan a ƙarƙashin sulhun halas akwai na haram, wanda ba takarda, wanda kowane direba daga Gaya zuwa Difa ya san farashinsa a shinge. Wannan kuɗin ba daga aljihun mai mota yake fita ba. Yana hawa kan kuɗin lodi, kuɗin lodi ya hau kan buhun masara, buhun masara ya hau kan tiyar da Hajiya ke aunawa a Wadata. Mai saye ya yi ta yi mata tsegumi a kan tsada, alhali ita ce ta ƙarshe a layin da aka faro tun daga shinge.

Amfanin kotu a nan shi ne a fili take zama. Alƙali dole ya rubuta dalilinsa, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara, ɗan jarida ya zauna ya ji, sunan mai mota ya shiga rajista. Wanda aka kama sau uku ba zai zo a matsayin sabon shiga ba. Kotun kasuwanci ta Yamai da ta fara aiki a 2016 tana fitar da hukunce-hukuncenta kowa ya karanta, wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne a ƙasar nan.

Tsananin hukunci bai isa ba

Wani zai ce to a tsananta hukunci kawai a huta. Najeriya ta gwada. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta fitar da doka mai lamba 20, wadda ta tanadi kisa ga mai fataucin mai ba bisa ƙa'ida ba. A shekarar aka kama wani jirgin ruwa mai suna Izarra, kotun soja ta yanke wa matuƙinsa, José Luis Peciña ɗan ƙasar Sifaniya, hukuncin kisa. Daga baya aka mayar da shi ɗaurin shekara 25, aka sake shi a 1986. Mai jirgin bai shiga hannu ba. Ko a teku ma direba ne ya sha, kuma fasa-ƙwaurin bai tsaya ba.

A Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba 2020. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ɗinta ta hana kai mai ga duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Mutanen Maradi da Ƙonni da Magarya shaida ne, ruwa-ruwa ya yi tsada amma bai ɓace daga kwalabe ba. Abin da ya karya shi farashi ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin mai, lita ta ninka a can. A Yuli 2024 kuma gwamnatinmu ta rage isansi daga sefa 540 zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal daga 668 zuwa 618. Riba ta ƙare, sai kowa ya juyo gidan mai.

Sakamakon mun gan shi a Maris 2025, cikin azumi, lokacin da layukan motoci da babura suka cika titunan Yamai. Wani jami'in SONIDEP ya shaida wa ƴan jarida a lokacin cewa man fasa-ƙwauri ya kai rabin abin da kasuwa ke sha a da, kuma matatar na ba su tanka 25 na isansi a rana alhali bukata ta kai ninki biyu. Kuɗin taksi da kabu-kabu ya tashi, masu lambu a bakin kogi suka rasa man injin ban ruwa, mai tumatir da mai salati suka ji a jikinsu.

Darasin a nan biyu ne. Na ɗaya, ba alƙalin da zai hana mai bin inda ya fi tsada, kamar yadda a 2022 gazuwal ɗinmu mai araha ya riƙa tsallakewa zuwa maƙwabta har gwamnati ta dakatar da fitar da shi, sannan ta ƙara masa kuɗi daga 538 zuwa 668. Wannan aikin masu tsara farashi ne. Na biyu, kasuwancin da ya kai rabin man ƙasa ba aikin yara masu babur ba ne kaɗai. Akwai masu jari, akwai masu ɗakunan ajiya, akwai masu rufa musu baya. Aikin kotu shi ne ta bi sawun kuɗin har ta kai ga mai shi. Ba a neman ta rataye kowa, ana neman ta kira sunan wanda ya dace ta sa shi ya biya.

Direbobin hanyar Mali

Kotu kuma ba don hukunta mutane kaɗai take ba, har da kare su. Daga Satumba 2025 ƴan bindigar ƙungiyar JNIM suka shiga tare tankokin mai a hanyoyin Mali, suna ƙona motoci, direbobi na rasa rayukansu. A Nuwamba 2025 ayarin tanka 82 daga Nijar ya isa Bamako da rakiyar sojoji. A Janairu 2026 ma'aikatar sufuri ta janye izinin aiki na masu motoci 14 da lasisin direbobi 19 saboda sun ƙi ɗaukar mai zuwa Mali.

Mali ƴar uwa ce, kuma taimakon maƙwabci a ranar wuya abin yabo ne. Gwamnati tana da ikon neman motocin ƴan kasuwa idan bukatar ƙasa ta taso. Amma lasisi shi ne gonar direba, da shi yake ciyar da gida. Kafin a raba mutum da abincinsa ya kamata a ji ta bakinsa. Wace rakiya aka tanadar masa? Idan aka ƙona motar, wa zai biya, tunda kundin CIMA ya ce inshora ba ta ɗaukar ɓarnar yaƙi da tarzoma sai in an yi yarjejeniya ta musamman? Idan bai dawo ba, me aka rubuta wa matarsa da ƴaƴansa? Dokar ƙasar nan ta ba duk wanda matakin hukuma ya shafa damar kai kuka gaban alƙalin da ke duba ayyukan gwamnati, aikin da aka danƙa wa babbar kotun Cour d'Etat a 2023. Bin wannan hanya ba rashin kishin ƙasa ba ne. Idan matakin na kan daidai, alƙali ya tabbatar da shi, kowa ya san iyakarsa. Idan akwai gyara, a gyara kafin ayari na gaba ya tashi.

Abin da ya rage gare mu

Ƴan uwa ƴan kasuwa, mun san wuta. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, sai 1987 aka koma cikinta. Ƙaramar kasuwa ta ƙone a 2012, masu ita suka watsu. Mun san yadda jarin shekara ashirin ke zama toka kafin asuba. Amma duk da haka a cikin kasuwanninmu da bayan gidajenmu ana ɓoye jarkokin mai a ɗaki, kusa da murhu, kowa ya sani kowa ya yi shiru don kunyar maƙwabci. Wannan gyaran namu ne, ba sai an jira alƙali ba. Shugabannin kasuwa su hana ajiye mai a cikin rumfuna, a ware wa masu sayarwa wuri a fili nesa da wuta.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada a tsaya ga "haka Allah ya so" kaɗai. Ƙaddara gaskiya ce, neman diyya kuma haƙƙi ne. A rubuta lambar motar gaba da baya, don kan tanka da jikinta kowanne da lambarsa. A nemi sunan kamfanin inshora. A tabbata sunan wanda aka cuta ya shiga takardar binciken jandarma ko ƴan sanda. A karɓi takardar likita, a lissafa kayan da suka ƙone da shaidu. Doka ta yarda wanda aka cuta ya shiga shari'ar laifi a matsayin mai neman diyya, ba sai ya buɗe tasa daban ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa da dokar 2011 don taimaka wa marasa hali a gaban kotu. Kuɗin gaisuwa da za a aiko a ambulan ranar sadakar uku a karɓa a yi godiya, amma kada a sa hannu a kan wata takarda sai wanda ya iya karatu ya duba ta. Mace ɗaya mai tallan goro ba za ta iya ja da mai tanka goma ba, amma ƙungiyar kasuwa da ke karɓar kuɗin mako-mako tana iya ɗaukar lauya ɗaya ta tsaya wa mutum ashirin.

Daga nan muna kira ga ministan shari'a da ya umarci masu gabatar da ƙara, duk haɗarin tankar mai da ya ci rai ko ya ƙona dukiya, bincike ya haɗa da mai mota da wanda ya yi lodi da kamfanin inshora, a yi zaman a fili, a faɗi hukuncin a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu. Muna kira ga hukumar duwan da ta riƙa sanar da jama'a lita nawa aka kama, nawa aka yi sulhu a kai, nawa ya shiga baitulmali, kuma a sa iyaka: kamun da ya kai tanka guda, ko mutumin da aka taɓa kamawa, ba sulhu, sai kotu. Muna kira ga hukumomin birnin Yamai da na garuruwan kan hanya da su tsare maganar wurin kwanan tankoki nesa da kasuwa da gidajen jama'a, wanda ya karya a kai shi gaban alƙali maimakon a daidaita a gindin motar.

Su kuma masu motocin, da yawansu mutanen kirki ne masu biyan inshora da gyaran birki a kan kari, kuma su ne suka fi kowa asara idan aka bar mai ha'inci yana karya farashin lodi da ruɓaɓɓiyar mota. Ya kamata su riga kowa neman a kai maganar kotu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanyar filin jirgi da Majiya da Dikko, ya kare direbobinmu a duk inda suke, ya tsare kasuwanninmu daga wuta. Amin.